Yadda ake neman tsoffin sulalla da jihaz, tun daga sayen na'ura har wanke abin da aka tono

Tun ranar da na ɗora hoton kwabon nan mai huji da na tono a gonar kawuna saƙonni basu daina shigowa ba, wani daga Madani wani daga Kasala, har da 'yan uwa na Jidda da Kano, kuma tambayar kusan ɗaya ce, wane jihaz zan saya, nawa ne, ina ake zuwa, wai da gaske ana samun tukunyar zinariya? Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya shiyasa nace bari in zauna in rubuta duka lokaci guda. Ga wanda baya Sudan, jihaz shine abinda muke kiran na'urar gano ƙarfe a cikin ƙasa, sunan ya kama bakin kowa ne tun lokacin da samari suka riƙa kwarara arewa neman dahab, wato zinariya, wajajen Abu Hamad. Nima can na koya, shekara biyu nayi, zinariyar bata taka kara ta karya ba, na dawo Gadarif da ciwon baya da kunnen da ya san kukan na'ura.

Maganar tukunya kuwa mu rufe ta tun yanzu, ni ban taɓa gani ba, ban kuma san wanda ya gani da idonsa ba sai dai "ance". Abinda zaka fi tonowa ƙusa ne da marfin kwalba da gwangwanin tumatir, a rami ashirin in ka samu ɗaya mai daɗin gani ranar ka taki sa'a. In kuɗi kake nema ridi ya fi wannan sau dubu. In kuma sha'awa ce ta riƙe abinda kakanni suka riƙe, toh bismillah.

1. Fara sanin inda ba'a takawa

Da gangan na sa wannan a farko, wanda zai tsallake shi gara kar ya karanta sauran.

Abu na ɗaya yaƙi. Tun 15 ga Afrilun 2023 ƙasar nan ta cika da abubuwan da suka faɗo basu fashe ba, dana wato bam ɗin igwa, da gurneti da harsasan manyan bindigogi, a Khartum da Jazira da Sinja da Dindir da Jabal Moya, ga kuma tsoffin nakiyoyi da aka binne tun yaƙe-yaƙen baya a wasu yankunan Kasala da Nil Azrak da Kurdufan ta Kudu. Jihaz bai san bambancin dana da tsohuwar fartanya ba, duk kuka ɗaya zai maka. Duk inda aka taɓa kafa shingen sojoji, ko ka ga ramin fakewa, ko ƙonanniyar mota, ko sabon kwanson harsashi a watse, wannan fili ba naka bane ko da gonar gado ce, sai ma'aikatan cibiyar kwance nakiyoyi ta ƙasa sun share shi.

Na biyu doka. Dokar kare kayan tarihi ta 1999 tace abinda ya kai shekara 100 kayan tarihi ne, kuma na gwamnati ne ko a saman ƙasa yake ko a binne, tono don nemansa kuma sai da lasisin hukumar kayan tarihi da gidajen tarihi. Kenan wuraren tarihi irin su Bajrawiya, Naga'a, Musawwarat, Jabal Barkal, Suwakin, kufan tsohuwar Sinnar, ko duk wani tudu da kaga fasassun tukwane da jan bulo sun cika samansa, ko kusa kar kaje da na'ura. Kowa ya tuna abinda masu neman dahab suka yiwa Jabal Maraga a 2020, wuri mai shekaru kusan 2000 suka shigo da motocin tono suka mai da shi rami, ba abinda ya rage. Filin wasanmu mu shine gonar noma, tsohon gidan dangi, tsohon filin kasuwa, ƙarƙashin bishiyar da ake zama, wato ƙasar sama wadda garma ta riga ta juya sau ba adadi. 'Yan uwa na Saudiyya ku naku ma ya fi tsanani, dokar 2014 ta tanadi ɗauri da tara kan tonon kayan tarihi ba izini, don haka kar wani ya cusa jihaz a akwati ya nufi Jidda da shi.

Na uku maƙabarta da gubbar shehunai, wato hubbarensu. Wannan ba sai na yi dogon bayani ba.

2. Sayen jihaz

Nan ne mutane suka fi ƙona kuɗi. Na'urorin iri biyu ne, akwai PI akwai VLF. PI sune na 'yan dahab irin su GPX 4500 da GPX 5000 na Minelab, suna shiga ƙasa da nisa sosai amma basu iya tace ƙarfe da kyau ba, in ka shiga kufai da su zaka wuni kana haƙa rami har gwiwa kan ƙusa ɗaya, ga kuɗinsu dala dubbai. Mai neman sulalla VLF yake buƙata, wanda yake da allo mai nuna lamba kuma yake canza murya gwargwadon irin ƙarfen.

Ga waɗanda na taɓa riƙewa da hannuna, farashin kuma wanda na gani ne a lokacin, na kasuwar waje da dala, kafin kuɗin kawowa daga Dubai ko Alƙahira da na kwastam, ban sa da jine, kuɗinmu na Sudan, ba don kafin ka gama karantawa ya canza. Minelab Vanquish 340 wajen dala 200 zuwa 250, kunna ka tafi ne, batir huɗu ƙanana yake ci. Garrett Ace shima nan wajen yake, yana da ƙarko amma ƙananan samfurinsa basu da wurin daidaita na'ura da ƙasa, a baƙar lakarmu wani lokacin sai yayi ta surutu. Nokta Simplex wajen dala 250 zuwa 350, ana cajinsa da fawa bank kamar waya, ruwa baya masa komai kuma ana daidaita shi da ƙasa, in ɗan uwana na jini ya tambayeni wannan zan ce ya fara da shi. Equinox 800 ya fisu duka amma ya doshi dala 900, bana ba sabon shiga shawararsa, sai kayi shekara kaga ko sha'awar ta zauna.

Hattara: jabu sun cika kasuwa, musamman masu ɗauke da sunan Minelab. Wani abokina ya haɗa kuɗin kaka guda ya tura ta Bankak, manhajar banki ta waya, tun kafin yaga kaya, aka aiko masa da kwali mai kyau da sitika mai sheƙi, muka gwada, sule a tafin hannu sai ka manna shi da faifan da ke ƙasan na'urar kafin yayi ƙara. Kar ka biya sai ka kunna, ka duba lambar jikin na'urar a shafin kamfanin, ka binne tsaba a taƙi guda ka ji ko zai kama.

Hattara kuma da masu tallan sanduna biyu ko akwati mai eriya da wai yana jiyo zinariya daga kilomita biyu, ko wanda zai nuna maka hoton tukunya a allon waya a zurfin mita goma. Ƙarya ce tsagwaronta. Jihaz na gaskiya tsaba ɗaya yana kamata ne a santimita 15 zuwa 25, in ƙasa tayi kyau ya ɗan wuce haka kaɗan, shikenan. Su da masu cewa a kawo kuɗin turare a kori aljanin da ke gadin dukiya da masu tallan zaibaƙ ja, wato jar zaiba, duk uwarsu ɗaya.

3. Sauran kaya

Ƙaramar diga ko turiya, wato fartanya, mai gajeren ƙota, wuƙar tono mai kauri, buhun roba da zaka riƙa zuba ƙasar rami a kai, rariya, maganaɗisu, turaku huɗu da igiya, jaka biyu ɗaya ta shara ɗaya ta abin kirki, ƙananan ambulan na takarda, biro, abin sawa a kunne, jarkar ruwa. Duk wannan a kasuwar gari zaka haɗa, bai kai kuɗin buhun dawa ba.

Abu ɗaya da zan ce ka ƙara in da hali shine finfointa, ɗan sanda ne kamar karas da ake zurawa cikin rami yayi ƙara in ya kusanci ƙarfen. Na Garrett wajen dala 130 ne, na Chana akwai na dala 20 zuwa 30 kuma suna ɗan taɓukawa. Kafin in saye shi ina iya ɓata minti goma ina dama ƙasa da yatsa, yanzu minti ɗaya.

Hattara: takalmi mai ƙarfe a baki irin na 'yan kamfani kar ka sa, duk taku na'ura zata yi kuka ka zata arziki ne ke binka. Zobe da agogo ma cire su.

4. Koyi kukan na'urarka a tsakar gida

Kar ka fita daji ranar da ka saya. Nemi wuri a gida da ba ƙarfe, ka haƙa ƙananan ramuka ka binne abubuwa daban-daban da tazarar taku biyu tsakaninsu, ƙusa, marfin kwalba, guntun gwangwanin lemo, zoben azurfa, tsohon girishi wato sulen Sudan, tsabar tagulla, wasu a santimita 10 wasu 15 wasu 20. Sai ka riƙa bi ta kansu kullum bayan la'asar na sati guda kana rubuta lambar da kowanne ya bayar.

Zakaga baƙin ƙarfe yana bada lamba ƙasa-ƙasa da murya mai kauri kamar gurnani, azurfa da jan ƙarfe suna bada lamba sama da murya siririya mai tsafta, a tsakiya kuma nan ne rikicin yake don nan gwangwani da takardar alminiyom suke, nan kuma zoben zinariya da sulallan nikel suke. Lambobin ba ɗaya bane a kowace na'ura, Simplex daga 0 zuwa 99 yake ƙirga, Vanquish da Equinox 800 daga ƙasa da sifili zuwa 40, don haka lambar da wani ya faɗa a bidiyo ba lallai tayi maka aiki ba, taka ka sani.

Hattara: kuskuren da kowane sabon shiga yake yi shine ya gaji da tono shara sai ya rufe lambobin tsakiya gaba ɗaya. Ranar da kayi haka ka yi sallama da kwabo mai huji da anini da millim, ƙananan sulallan Masar masu huji, don yawancinsu nikel ne a jikinsu. Baƙin ƙarfe kawai zaka rufe, shima ni a sabon wuri buɗe shi nake yi tukuna, yawan ƙusa ai shi ke gaya maka an taɓa zama a wurin.

5. Zaɓen wuri da neman izini

Na'ura bata ƙirƙiro abinda babu, in ka kaita inda mutane basu taɓa zama ba ko ta dala dubu goma ce iska zaka tono. Wuri kuma ba'a taswira ake samunsa ba, a bakin tsofaffi yake. Sayi sukari da ganyen shayi ka je ka zauna da dattijon unguwa ka tambayeshi, ina kasuwa take ci kafin a dawo da ita nan, ina mashigin kogi na da, ina ayarin alhazai suke yada zango, wace tsamiya ce ake shari'a ƙarƙashinta, ina aka tashi daga shi shekarar ambaliya. Garuruwanmu da yawa a kan hanyar hajji suka tsiro, Maiwurno kanta bayan yaƙin Burmi na 1903 aka kafa ta, mutane sun shekara da shekaru suna wucewa a ƙasa da guzurinsu ɗaure a lalita, kuma lalita tana yagewa.

Kwabon da kuka gani haka na same shi. Kawuna ne muna shan jabana, wato gahawa, yace ai ƙasan gonarsa wajen tsohuwar kukar nan masu tafiya Makka suke sauka suyi kaka ɗaya suna aikin ƙodago kafin su wuce. Nace Kawu ko zaka bar ni in zagaya da jihaz bayan an kwashe dawa? Ya kalleni yace "kai ɗan nan har yanzu haukan dahab bai sake ka ba? Je ka, amma in saniyata ta karye a raminka kai zaka biya." Kwana na uku, taƙi guda a ƙasa, sai ga shi, huji a tsakiya, tauraro mai tsini shida, 1942, kuɗin Afirka ta Yamma na zamanin Turawa wanda ko ruwa ba zai saya maka a Sudan ba. Wani ne ya ɗauko shi tun daga gida ya ratsa Chadi da Darfur da Kurdufan da shi. Na kai wa Kawu ya juya shi ya juya, yayi shiru, can yace irinsa babarsu take ɗaure wa a bakin zane.

Izini kuwa daga bakin mai gona zaka ji shi ba daga ɗansa ko mai gadinsa ba, kuma ku gama magana kan rabo tun kafin ka kunna na'ura, a gaban shaida. Ka sanar da shehun hilla ko umda, wato mai unguwa ko dagaci. In hawasha ce a cikin mashru'i, wato yankin gona a cikin babban shirin noma, ka sani ba mai noman kaɗai ke da magana a kanta ba.

Hattara: a yanayin yaƙi mutum da baƙuwar na'ura mai allo a bayan gari abin zargi ne. Kar ka wuce shingen bincike da ita a ɓoye cikin buhu, ka riƙe rasit da katin shaida, kar ka fita da dare, kar ka je garin da ba'a san ka ba.

6. Lokaci da saita na'ura

Lokacin da ya fi shine bayan girbi kafin ƙasa ta bushe ƙarau, ko bayan ruwan farko na damina da kwana biyu, danshi yana ƙara wa na'ura ji. Tsakiyar rani baƙar lakarmu tana zama kamar siminti ga tsagewa da hannu zai shige, tsaba ma ta nan take zurmawa ƙasa. Tsakiyar damina kuma taɓo zai riƙe maka takalmi. Fita bayan asuba ka dawo kafin goma, rana tana baƙanta allon na'ura, kar kuma ka barta cikin mota a rufe.

Da ka isa ga tsarin. Kashe waya ko ka sa ta aljihun baya. Matsa nesa da wayoyin lantarki da janareta. Kunna na'ura faifan yana sama, in tana da wurin kore hayaniya ka danna ka jira. Sai girawun balans, wato daidaita ta da ƙasar wurin, ka nemi inda ba ƙarfe ka danna maɓallin ka riƙa ɗaga faifan sama da ƙasa kamar mai bugun famfo daga kusa da ƙasa zuwa taƙi guda har tayi shiru ko ta bada alama. Ƙarfin ji kuma kar ka ƙure shi, fara da kashi uku cikin huɗu, in tana ƙananan surutai ka rage. Wajajen Gadarif akwai baƙin dutse mai sa na'ura kuka ba komai a ciki, in ka ji murya mai faɗi da ba ta tsaya wuri ɗaya ba ka ture dutsen da ƙafa ka sake gwadawa. In ka tashi daga laka ka shiga yashi sake daidaitawa.

7. Tafiya

Kafa turaku ka ja igiya taku goma-goma, ka gama wannan ɗaki kafin ka shiga wani. Yawo barkatai shine yasa mutane ke cewa wuri ba komai.

Faifan ya zama a kwance, yatsa biyu tsakaninsa da ƙasa, kana kai shi dama da hagu a hankali kamar mai sharar da baya son ƙura ta tashi, kowane zuwa kamar daƙiƙa biyu, kuma kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. Kar ka riƙa ɗaga shi a ƙarshen lilo, nan ake asarar zurfi. In sauri kake ka koma gida.

In tayi kuka tsaya. Sake bi ta wurin, sannan ka juya ka tsaya ta gefe ka sake bi, ya zama ka zana alamar giciye. Abin kirki yana maimaita murya ɗaya da lamba kusan ɗaya ta kowane ɓangare, shara kuma lambarta tsalle take yi. Sai ka ɗaga faifan sama kamar kamu ɗaya, in har yanzu tana kuka da ƙarfi toh abu ne babba, gwangwani ko guntun garma, ba tsaba ba.

Hattara: babban kuka mai faɗi a wurin da kake da ko ɗigon shakka kan tarihin yaƙinsa, kar ka tona. Sa alama ka tafi.

8. Tono

Inda layukan giciyen suka haɗu nan abin yake, amma ba nan zaka sara ba. Ka zagaye shi da tazarar tafin hannu ka yanko ƙasar kamar murfi, ka ɗora kan buhu. Bi ramin da na'ura, bi ƙasar buhu, ka gane ina yake. In yana buhu raba ƙasar biyu, ka sake raba wadda ke kuka biyu, har ya fito. In yana rami sa finfointa ka kankare a hankali da wuƙa ta gefe. Na taɓa raba riyal ɗin azurfa da saran diga ɗaya don gaggawa, har yau in na tuna sai naji abin a ƙirji.

Hattara: kar ka zura hannu a tsagewar ƙasa ko ƙarƙashin tarin kara, kunama da kububuwa nan suke kwana. In ka ci karo da ƙarfe mai siffar kwalba ko mai fiffike a gindi ko mai waya a jiki, kar ka taɓa kar ka jawo, koma ta sawun da ka zo, ka hana yara zuwa, ka sanar da hukuma. In kuma ƙashi ka gani, ko tukunya a zaune, ko jerin bulo, ko tsabar kuɗi da yawa wuri ɗaya, aikinka ya ƙare anan, ɗauki hoto ka mayar da ƙasa ka kai rahoto.

Kafin ka bar wurin sake bin ramin da na'ura, sau da yawa inda ɗaya ta faɗi akwai 'yar uwarta. Sannan ka cike ramin ka taka shi, sharar da ka tono kuma ka tafi da ita, in ka barta kai zaka sake tono ta baɗi.

9. Rubutawa

Hoto a wurin kafin ka goge, sannan ambulan, a bayansa kwanan wata da sunan gona da zurfi. Minti ɗaya ne, amma bayan shekara bazaka tuna wanne ya fito daga ina ba.

10. Wankewa

Anan ake garin gyaran gira a rasa ido. Lemon tsami, toka, yashi, soson ƙarfe, ruwan batir mai asid, man goge tagulla, duk na ga an yi da su kuma duk sun kashe tsaba. Koren nan ko baƙin nan mai santsi da ke jikin tsohuwar tagulla shi ke riƙe da rubutun, in ka kankare shi abinda zai rage jan ƙarfe ne mai ramuka ba fuska ba shekara.

Abinda zaka yi kaɗan ne. Jiƙa ta a tataccen ruwa irin na kantin magani kwana ɗaya zuwa uku kana canzawa, sai tsohon buroshin haƙori mai laushi, sai tsinken sakace don lungunan rubutu, ka shanya a inuwa ta bushe sarai. Azurfa ruwa da ɗan sabulu ya isa, kar ka murza ta da yatsa tana da ƙasa a jiki, yashin zai zazzana ta. Ajiya a ambulan ɗin takarda, kowace ita kaɗai, banda leda mai laushi don tana sa kore mai danƙo.

Hattara: in kaga wani kore mai haske yana fitowa kamar gari yana zuba, wannan ciwo ne mai cin tagulla, ware ta daga sauran ka ajiye inda ba danshi. Abinda kake zargin ya haura shekara 100 kuwa kar ma ka wanke shi.

11. Gane abinda ka samu

Wanda zaka fi gani shine mai hoton ɗan aike kan raƙumi, kuɗin Sudan na farko ne masu shekarar 1956 zuwa sama, millim na tagulla wasu da baki mai lanƙwasa-lanƙwasa, girishi kuma fari. Kafin su kuɗin Masar ake kashewa, don haka zaka samu kan Sarki Faruk da jar dara, da na babansa Fu'ad, da masu huji na Sultan Husaini Kamil na 1916 da 1917. In kaga tambari mai murɗaɗɗen rubutu da "duriba fi Misr", wato an buga a Masar, wannan na zamanin Turkawa ne, kuma lamba biyu ce a jiki, babbar shekarar hawan sarki ce ƙaramar kuma shekararsa ta nawa a mulki. Misali 1293 da 10, na Abdulhamid na biyu ne, ka haɗa ka cire ɗaya ya baka 1302 Hijira. Don mayarwa miladiyya ka ninka da 0.97 ka ƙara 622, zai baka 1885. In "Umdurman" ka karanta toh na zamanin Halifa Abdullahi ne kafin yaƙin Karari a 1898, da yawansu sunan azurfa kawai suke da shi, jan ƙarfe ya fi yawa.

Sai liyari mai kan mace, Mariya Tariza, wanda ake kira abu nugɗa. Duk wanda ka gani 1780 ne a jiki, kar ka yi murna da wuri, haka aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar har zamaninmu. Nauyinsa giram 28, azurfar ciki wajen giram 23, in maganaɗisu ya kama shi ko nauyin ya gaza sosai jabu ne. Masu tambaya ko ana samun kuɗin Fir'aunonin Marawi, su waɗancan basu buga tsabar kuɗi ba ma sam.

Banda kuɗi akwai maɓallan kaki, ƙararrawar jaki, guntun munduwa, dalmar bindiga, da hatimin tagulla mai sunan mutum wanda ake dangwalawa a takarda maimakon sa hannu. Ni hatimi ya fi burgeni akan sule, don suna ne na wani.

12. Bayan ka samu

Kasa su uku. Wanda bai kai shekara 100 ba kuma ba'a san mai shi ba, kamar su raƙumi da Faruk da kwabona na 1942, ku raba da mai gona yadda kuka yi alkawari, darajarsu a kasuwa ba wani abu bace, yawanci ko kuɗin batir basa mayarwa. Wanda ya haura 100, irin na Halifa da na Turkawa da masu hujin 1917, ka kai hotonsa da bayanin wurin ofishin kayan tarihi ko gidan tarihi na jiharku su faɗi yadda za'a yi. Dillalai zasu biyo ka inbox da farashi mai daɗi, kar ka kula su, tun da aka wawashe gidan tarihi na ƙasa a Khartum ido yana kan duk mai fitar da irin waɗannan kaya, kuma fitar da su laifi ne.

Na uku abin da ke da mai shi, zobe ko ɗan kunnen zinariya na zamanin nan. Wannan tsintuwa ce, hukuncinta cigiya har shekara, tsintacciyar mage kuwa bata mage. Humusin da kuke ji ana faɗa, wato kashi ɗaya cikin biyar, na rikazi ne, dukiyar da aka binne tun kafin musulunci, ba na ɗan kunnen da ya faɗi a gidan biki bara ba, in abu ya rikice maka ka kai wa malamin unguwa. Na taɓa tono ɗan kunne ɗaya a filin da ake saukar Alƙur'ani, na ba liman ya yi cigiya ranar Juma'a, kafin magariba wata Inna ta aiko jikarta da ɗayan a ƙulle cikin hankici don a gwada, suka dace. Washegari aka kawo min kwanon ɗumame da miyar kuka har gida.